Taƙaitawa: Alaimen Bayan Ɗaga Motar Daji

'Yan'uwa, zancen da muke yi kan alaimen, wato daidaita zaman tayoyi, bayan an ɗaga motar daji don ƙara mata tsayi daga ƙasa, ya yi tsawo, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Da zarar an ɗaga mota, alaimen ya zama dole. A sake dubawa bayan sababbin sifirin sun zauna.
2. Kasta, wato kishingiɗar layin da tayar gaba ke juyawa a kansa, ita ke raguwa. Alamarta: mota na yawo a titi, sitiyari ba ya komawa tsakiya bayan kwana.
3. A masu gundumin aksul, wato aksul guda da ya haɗe tayoyin hagu da dama, irin Land Cruiser 80 da Jeep Wrangler, ɗagawa na jan aksul gefe guda. Maganinsa sandar panhad mai daidaituwa, wato sandar da ke hana aksul zamewa gefe, kuma ta kwanta daidai da sandar da ke jan sitiyari, in ba haka ba kowane rami zai fizge shi daga hannunka.
4. A ɗaure kusoshin bushin yayin da mota ke tsaye kan tayoyinta, kada a yi tana kan jak.

Inda aka rabu:

Masu Hilux wasu sun ce ɗagawar inci 2 ba ta buƙatar sabon hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba ta sama, wasu sun ce kasta da kamba (karkatar saman taya ciki ko waje) ba za su cika ba sai da shi.

Dampar sitiyari, wato shokin da ke rage karkarwar sitiyari, ita ce ta fi jawo musu. Masu rinjaye sun ce ɓoye karkarwa kawai take yi, a fara duba tayarod da boljoyin, wato sanda da gaɓoɓin da taya ke juyawa da su. Ni ma nan na tsaya.

Ƙarin kasta kuma yana karkatar da kusurwar farfelar gaba, wato sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba, har ta riƙa girgiza. Baki bai zo ɗaya kan digirin kastar da ya dace ba.