Motocin Amurka na ƙara wuya, na Chaina na ƙara yawa: ina zan sa jarina?

Dillalin Mota, Kano:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan yi shimfiɗa.

Shekarata 21 ina sayar da mota. Na fara ne da bin maigidana zuwa Kwatano, lokacin da Golf 3 da Vectra da Honda Henesi su ne kasuwa. Mu yini a filin motoci muna leƙa ƙarƙashin inji, mu koro su, mu biya duti a boda. Da gwamnati ta hana shigo da mota ta ƙasa a farkon 2017 sai na koma Legas, ina saye a gwanjon Amurka, ejan ya fitar min a tashar jiragen ruwa ta Tin Can. Corolla, Camry, Sienna, Highlander, Vibe, a kansu na yi aure, na gina gida, na sauke farali.

Tun wajen 2021 na ga farashi a can gwanjon ya fara hawa. Sai ga 2023, aka cire tallafin mai, aka saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen 460 ta yi ta hawa har ta wuce 1,500 a 2024, duti kuma ya bi ta. Filina da ke ɗaukar mota 30, yau tara ce a ciki. Malamin makarantar da a da zai yi adashe ya zo ya ɗauki Corolla, yanzu ta hannu yake tambaya, wadda wani ya gaji da ita a nan gida. Wallahi akwai ranar da wani tsohon kwastomana ya ji kuɗi, ya shafa motar, ya ce "Allah Ya sa albarka", ya hau babur ɗinsa ya tafi. Har dare abin na raina.

To watan jiya wani yaron unguwarmu ya turo min hotunan Changan da Chery da GAC daga Chaina, kamar yau aka cire su a leda, kuma kuɗin bai wuce na Highlander mai shekara goma ba. Abin da ke hannuna zai sayi mota huɗu, kuma ba nawa ne ni kaɗai ba, akwai na marayun yayana a ciki. Shin tsadar motar Amurka iska ce mai wucewa, ko ta zauna kenan? Motar Chaina kuma, in na kawo ta Kano, zan sayar ko za ta kwana min a fili? Don Allah wanda ya san abin da ke gudana a can inda ake ƙera su ya yi min bayani.

Bazazzagi a Ohayo, Amurka:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni aikina kenan a nan, sayen mota a gwanjo ina lodawa 'yan kasuwa, don haka zan faɗa maka abin da idona ke gani.

Motar da kake sayarwa yau, ita ce wadda Ba'amurke ya saya sabuwa shekara takwas zuwa goma sha biyu da suka wuce. In kana son sanin kasuwarka ta gobe, dubi abin da suke saye yau. Daga 2015 zuwa 2019 ana sayar da sabbin motoci miliyan 17 kowace shekara a ƙasar nan. Korona ta zo, aka rasa 'yan ƙananan na'urorin da ake sa wa ƙwaƙwalwar mota, masana'antu suka tsaya, a 2022 ko miliyan 14 ba a kai ba. Motocin da ba a ƙera ba a waɗannan shekarun, ba za su taɓa fitowa gwanjo ba. Mutane kuma sun riƙe tsofaffinsu gam, yanzu in aka yi lissafi motar da ke kan titin Amurka ta haura shekara 12 a matsakaici.

Na biyun ya fi wannan damuna. Amurkawa sun juya wa ƙaramar mota baya. Cikin sabbin motoci biyar, kusan huɗu jif ne ko a-kori-kura. Ford ya daina Fusion a 2020, Chevrolet ya daina Malibu a 2024. Camry ɗin da ake haɗawa a Kentaki tana nan, amma daga ƙirar 2025 babu mai fetur zalla, duk masu haɗa fetur da batir ne. Wato nan da shekara takwas, Camry ɗin da za ta iso filinka da babban batir za ta zo, ko kana so ko ba ka so. Ga harajin kashi 25 da Trump ya ɗora wa motocin waje a Afrilun 2025, wanda in sabuwa ta yi tsada, tsohuwa ma sai ta bi sahu.

Kar wani ya ce ka koma Japan. Nasu sitiyarin dama ne, mu kuwa tun 1972 muka sauya hannu, ba a yarda da su ba. Gaskiya Alhaji, farashi na iya ɗan sassautawa in naira ta farfaɗo, amma arahar da ka sani kafin korona ba na ganin dawowarta. Kuma ka yi hattara da masu arha fiye da kima bayan damina, motocin ambaliya ne daga Fulorida da Tekzas, wayoyinsu a ruɓe suke.

Ɗan aike a Guwanzu, Chaina:

Ranka ya daɗe, shekarata bakwai a nan ina yi wa 'yan Kwari da Wambai lodin kaya, shekara biyun nan kuma mota ta fi komai yawa a cikin saƙon da nake samu.

Yawan abin sai ka zo ka gani. A 2023 Chaina ta ƙera mota sama da miliyan 30, ta fitar da kusan miliyan biyar waje, ta ƙwace kambun da Japan ta daɗe tana riƙe da shi. A 2024 abin da ta fitar ya kusa miliyan shida. Kamfanin motoci na BYD kaɗai ya sayar da sama da miliyan huɗu a shekarar, alhali tun 2022 ya daina yin mota mai fetur zalla. Masana'antun sun fi ƙarfin masu saye a cikin gida, sai karya farashi suke wa juna. Amurka ta sa wa motocinsu na lantarki harajin kashi 100, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a ƙarshen 2024, shi ya sa suka fuskanci Rasha da Meziko da ƙasashen Larabawa da mu. Kuma da yake kusan rabin sabbin motocin da ake saye a nan na lantarki ne ko masu haɗawa, masu fetur ɗin nan na neman inda za a kai su. Tun 2019 gwamnati ta ba da izinin fitar da na hannu. Sitiyarinsu na hagu ne irin namu.

Akwai abin da 'yan kasuwarmu da yawa ba su lura da shi ba: Toyota ma ana ƙera ta a nan. A garin nan da nake, kamfanin haɗin gwiwar GAC da Toyota na yin Camry da Highlander, a Tiyanjin kuma ana yin Corolla. Sai dai a duba inji da kyau, yawancin Corolla ɗin nan ƙaramin inji ne 1.2 mai turbo, ba 1.8 ɗin da makanikanmu suka haddace ba. Allon gabanta kuma da rubutun Chaina yake zuwa, sai an sauya kafin a loda. Mai lantarki zalla kuwa, ni ban ba ka shawara ba tukuna, ka fi ni sanin halin wutar Kano.

Tsohon makanike, Kaduna:

Alhaji, ni ba na karanta alƙaluma kamar yaran nan, amma na ba shekara 60 baya kuma tun ina saurayi hannuna ke cikin baƙin mai. Ba kyau ke raya mota a ƙasar nan ba, kayan gyara ne. Me ya sa Pijo 504 ta yi shekaru tana mulkin titi? Don ko a Birnin Gwari ta mutu maka za ka sami kayanta da wanda ya iya ta. Toyota ma da haka ta ci mu.

Kada kuma a raina Chaina. Na ga lokacin da babur ɗin Jincheng ya shigo, masu Suzuki da Yamaha suna cewa ba zai shekara ba. Cikin ɗan lokaci duk ɗan acaɓa shi yake hawa, don kowane lungu akwai mai sayar da fistin ɗinsa. Daga baya Boxer na Indiya ya zo ya ture shi. A manyan motoci ma dubi Howo, yau ita ce ke jan siminti da yashi inda da sai DAF da Mack. To ƙananan ma za su shigo, wannan ba na shakka. Amma wanda ya riga kayan gyara isowa, shi zai sha wuya. Akwai wata jif ta Chaina da ta yi wata uku a garejina saboda fitilar gaba da wani ɗan abu na giya, mun tashi Panteka, mun aika kasuwar Ladipo ta Legas, sai daga can ƙasar aka sa a jirgi. Mai ita har kuka ya yi min, kuma motar ba ta da laifi, injinta lafiya lau.

Abin da ke ci min rai daban ne. Babana ya yi aiki a kamfanin Pijo na nan Kaduna, wanda ya fara haɗa mota a 1975. A lokacin ga Steyr a Bauchi, ga Fiat a Kano, ga Volkswagen a Legas, ga ANAMMCO a Inugu. Maroko sai 2012 Renault ya buɗe masana'antarsa ta Tanja, yau suna ƙera sama da mota dubu 500 a shekara, kuma Dacia Sandero da suke yi ita ce motar da aka fi saye a Turai a 2024. Mu kuwa ga mu muna tambayar tsohuwar wa za mu saya. Innoson na ƙoƙari a Nnewi, Dangote ma ya dawo da haɗa Pijo a nan, amma kai da kake fili ka san sau nawa aka zo aka tambaye ka su.

Ɗan Maraɗi:

Salamu alaikum Alhaji. Mu nan tun da aka rufe iyaka da Benin bayan juyin mulkin 2023, hanyar Gaya ta mutu, sai ta Lome a ratso Burkina da rakiyar soja, kuɗin hanya kaɗai ya isa ya cinye riba. Na Turai ma da muka saba sun ragu, har yau cinikin sabbin motoci a can bai koma yadda yake a 2019 ba, Volkswagen da kansa ya ce zai rage ma'aikata dubu 35 a Jamus. Abokaina da yawa sun koma Dubai, kuma can ma na Chaina ne cike da fili. Ka gwada da guda, kar ka zuba duka.

Dillalin Mota, Kano:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba na Kaduna, maganarka ce ta hana ni barci jiya. Da safe na shiga Ƙofar Ruwa da takarda a hannu, na bi shago goma sha ɗaya ina tambayar fitila da shokazoba da gilashin gaba da lagireto na Changan da Chery da GAC. Mutum biyu ne suka ce za su iya sa a kawo daga Legas cikin mako, sauran kai kawai suka girgiza. Na Camry kuwa kafin in rufe baki an ajiye min kala uku.

Don haka ga abin da na yanke. Kuɗin marayu ba zai bar abin da na sani ba, Corolla biyu daga Amurka. Malam na Ohayo, zan neme ka a kan wannan, kuma ina son hoton ƙarƙashin kafet kafin a biya. Da nawa kason zan gwada Camry guda daga Guwanzu, sauran in riƙe a hannu saboda duti. Ɗana na Guwanzu, ka duba min mai inji 2.0 ko 2.5 wadda ba ta wuce shekara huɗu ba, ka turo min lambar inji da ta giya in kai wa makanikena ya gwada da kayan da ke kasuwa. Sannan ka tambayar min kuɗin fitilun gaba da bamba da shokazoba na jif ɗin Changan da aka fi lodawa zuwa Najeriya, da ko za su shiga kwantena ɗaya da motar. Akwai wani ƙanena mai shago a Ƙofar Ruwa da ya ce in kayan sun iso zai ware musu kanta guda.