Wace Hausa za mu yi wa "wizard"? Ni dai ban yarda da maye ba

Salamu alaikum ƴan'uwa masu sana'ar kwamfuta da masu kishin harshe. Kalma nake nema, kwana uku ke nan ta hana ni ƙarasa aiki.

Na rubuta wata ƴar manhaja ta lissafin shago don ƴan kasuwarmu na nan Maradi: kaya nawa suka shigo, nawa suka fita, wa ya ci bashi. Ba ni iya bin kowa shago-shago, sai in zuba ta a kile, ɗan abin ɗaukar fayil da ake soka wa kwamfuta, in aika yaro, mai shago ya saka da kansa. Abin da ke saka ta a kwamfuta da Inno Setup na haɗa shi, manhajar nan ta kyauta da Jordan Russell ya fitar tun 1997. Duk rubutun da take nuna wa mutum yana cikin fayil guda mai ƙarewa da .isl. Akwai na Ingilishi, akwai na Faransanci, kuma kowa na iya kwafa ya mayar da shi harshensa. Sai na ce, tunda a 2025 an rubuta a kundin ƙasarmu Nijar cewa Hausa ce harshen ƙasa, me zai sa Alhajin da ke ciniki da Hausa daga safe har magariba ya zauna yana kallon Suivant, Suivant, Terminer?

Na fara fassara, ban yi nisa ba na cije. Tagar nan da ke bi da kai tambaya bayan tambaya, ka amsa ka danna gaba har aiki ya kammala, Ingilishi na ce mata wizard, Faransanci na cewa assistant. Microsoft ce ta yaɗa sunan na Ingilishi, tun daga manhajarta ta Publisher a 1991.

Ƙanena ya jefa kalmar cikin abin fassara na waya, ya ba shi "maye". Ya jefa install, ya ba shi "girka". Ya haɗa mini layin farko: "Barka da zuwa wurin mayen girka." Sai da na ajiye kofin shayi. A Maradi fa! Garin da in aka ce an yi wa wance girka kowa ya san bori ake nufi, in kuwa aka ce wane maye ne sai iyaye su janye ƴaƴansu, magana ta kai gaban mai unguwa. Wane ɗan kasuwa ne zai danna maɓallin da ya ce masa maye zai yi wa kwamfutarsa girka?

Kafin ku kawo shawara, bari in faɗi aikin da nake son kalmar ta ɗauka, don ba ado nake nema ba.

Watan jiya wani mai shagon atamfa ya kira ni ransa a ɓace, wai manhajata ta gudu. Na hau kabu-kabu na je. Ashe da tagar ta tambaye shi inda za a ajiye manhajar, sai ya danna Parcourir, maɓallin zaɓen wuri, ya ga sunan kilen da na aiko, ya zaɓe shi, don shi ne kaɗai sunan da ya gane a jerin. Yaro ya zare kile ya dawo mini da shi, manhaja ta biyo yaro. Laifin ba nasa ba ne. An yi masa tambayar da bai kamata a yi masa ba. Tun ranar na zauna ina rage tambayoyin, kuma a nan na ga hanyar ragewar iri biyu ce, kowace tana son kalmarta.

Ta farko, ka rufe shafin tambayar gaba ɗaya ga kowa. A sashen Setup na rubutun umarnin da kake ba Inno Setup ka sa DisableDirPage=yes, tambayar wurin ajiya ta tafi ke nan. DisableProgramGroupPage=yes ya ɗauke ta sunan rukuni a jerin Démarrer (inda ake buɗo manhajoji), wadda ban taɓa ganin wanda ya canza ta ba. Shafin maraba ma Inno Setup na yanzu ba ya nuna shi sai ka nema. Shafin lasisi kuwa ba ya fitowa in ba ka ba shi fayil ɗin lasisi ba.

Ta biyu ita ce mai daɗin. Shafin yana nan, amma sai an duba halin mutum kafin a nuna masa. A sashen Code, inda ake rubutu da harshen kwamfuta na Pascal, akwai wani aiki mai suna ShouldSkipPage. Duk sanda tagar za ta shiga wani shafi sai ta miƙa masa lambar shafin, in ya amsa da True, wato e, ta wuce ba ta tsaya ba. Ni ina da shafin da na ƙirƙira mai tambayar sunan shago. Wanda ke sakawa karon farko dole ya gan shi. Wanda ke sabuntawa kuwa, fayil ɗin lissafinsa na nan a kwamfutar, to me zan tambaye shi? Sai in sa a duba da FileExists, in an sami fayil ɗin a wuce.

To ga jimlar gwaji. Duk kalmar da za ku kawo, ku sa ta a nan mu ji ko ta zauna: "In mutum ya taɓa sakawa, ____ zai wuce da shi ba tare da ya sake tambayarsa ba."

*

Wani malamin lakwal daga Tibiri ya rubuto:

Malam, me ya sa za mu wahalar da kanmu? Kwamfutocinmu da Faransanci suke, mutane sun saba ganin assistant. A ce "mataimaki" kawai a huta.

Na gode Malam. Na gwada ta, ba ta yi muni ba, Apple ma assistant take ce wa irin wannan tagar ko a Ingilishi. Abin da ya hana ni biyu ne. Mataimaki a kunnen Bahaushe na biyun wani ne, mataimakin shugaba, mataimakin direba, yana bayanka kana ba shi umarni. Wannan tagar kuwa ita ke gaba, ita ta san hanya, kai ke bi. Na biyu, kalmar ta riga ta yi kaya da yawa. Mai maganar nan na cikin waya mataimaki ake ce masa, sababbin nan masu amsa tambaya su ma mataimaka ne. In muka ƙara wannan, gobe mutum zai kira ni ya ce mataimaki ya ƙi aiki, in rasa wanne.

*

Wata ƴar'uwa da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta ce:

Yaya, ai asalin wizard ba tsafi ba ne. Daga wise ta fito, wato mai sani. Me zai hana a ce "gwani"?

Gaskiyarki ƙanwata, asalin ke nan, kuma na ji daɗi da kika tono shi, ko ba komai ya wanke kalmar daga maita. Amma je ki tsangaya ki ce gwani, ki ga wa zai waiwayo. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani ya rubuta shi da ka, ba zan ɗauki sunansa in liƙa wa tagar da ke tambaya ko a sa alama a fuskar kwamfuta ba. Sannan sa ta a jimlar gwaji: "gwani zai wuce da shi". Ina zai kai shi? Gwani iyawa yake nunawa, ba tafiya ba.

*

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru a hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ɗansa ya karanta masa, ya ce a rubuto mini:

Yaro, abin da kake kwatantawa ai ayari ne. Fatake ba su tafiya sai da madugu, kuma akwai jagaba da ke shiga gaba ya duba hanya. Wurin da ake tsayawa kuwa sunansa zango. In ruwa da abinci sun isa, ba dole a sauka kowane zango ba, sai a tsallake.

Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Wannan magana ta buɗe mini ido, amma ba ta wajen da na zata ba.

Madugu ya yi nauyi, shi ne mai ayarin gaba ɗaya, shi ke yanke hukunci, alhali wannan tagar tambayarka take yi. Jagaba ta fi dacewa da ma'ana, sai dai ku tsallaka Katsina ku furta ta, za a ɗauka siyasa kuke, tunda sarautar Jagaban Borgu ta shugaban Najeriya Bola Tinubu ta cinye kalmar. Rabin masu sayen kayan abokan cinikina daga can suke zuwa, ba na son manhajar bashi ta shiga jam'iyya.

Zango kuwa na karɓe shi hannu biyu. Da ma "shafi" bai taɓa kwanta mini ba, na yi ta amfani da shi a sama ne don rashin wani. Shafi na littafi ne, kana iya buɗe na goma ba ka ga na uku ba. Waɗannan a jere suke, ba ka isa na gaba sai ka bi ta na baya, ana tsayawa a kowanne a yi wata buƙata a tashi. "Mataki" ma ya zo mini, amma a mataki ba a zama, a zango ake sauke kaya.

Kuma duba yadda zango ya raba mini hanyoyin nan biyu da kansa. Wanda aka cire ga kowa da DisableDirPage, an soke zangon. Wanda ShouldSkipPage ya wuce da wani ya tsaya da wani, an tsallake zangon. Sokewa daban, tsallakewa daban, duk wanda ya ji ya gane ba sai an yi masa bayani ba.

Har tarkon da na faɗa ciki makon jiya kalmar ta fayyace shi. Zangon da aka tsallake bai ɓace ba, yana nan, ba a dai sauka ba ne. Na tsallake wa masu sabuntawa zangon sunan shago, amma na manta cewa can gaba rubutuna yana ɗaukar abin da ke cikin akwatin ya ajiye. Akwati ba kowa ya cika shi, sai ya ajiye wofi a kan sunan da ke nan tun da. Allah ya sa a kwamfutata na gwada. Wanda bai sauka zango ba, kada ka tambaye shi guzurin da ake saye a can: sharaɗin da ya sa ka tsallake, shi za ka sake dubawa kafin ka ajiye.

Akwai kuma zangon da ba ya tsallakuwa. Inno Setup ba ya ko tambayar ShouldSkipPage a kan wpPreparing da wpInstalling, wato zangon shiri da na zuba manhajar, don nan ne ainihin aikin, kamar a ce a tsallake gulbi ba a ƙetare shi ba. Kuma in ka soke duk zangunan farko ka zo ka soke na "a shirye nake" da DisableReadyPage, sai ya ƙi ji, ya nuna shi, don kada a fara zuba wa mutum kaya a kwamfuta bai ce to ko sau ɗaya ba. Mai son tafiya ba tsayawa sam, kamar mai ɗakin intanet da zai saka wa kwamfuta ashirin, hanyarsa daban ce: ya kira fayil ɗin da /VERYSILENT. Wannan na sa masa "sakawa ta shiru". Masu aiki da NSIS, wata manhajar irin Inno Setup, su kuma Abort suke kira a aikin da ke gudana kafin a shiga zangon sai a tsallake shi. Dabara daban, kalmominmu dai sun ɗauke ta.

*

Wani abokin sana'a daga Tasawa:

Aboki, to ɗan rakiya fa? Ya kai ka ƙofa ya juya, kamar yadda tagar ke rufewa in an gama. Ko zagi, mai shiga gaban dokin Sarki.

Zagi ta ba ni sha'awa, har na hango hawan salla. Sai dai a rubuce ba ka raba ta da zagi na baki. "Barka da zuwa wurin zagi", ka ga mun gudu daga maye mun faɗa ashar. Ɗan rakiya ta kusa ƙwarai, na daɗe ina juya ta. Inda ta gaza shi ne, wanda ake wa rakiya ya san hanyarsa, girmamawa ce ake masa. Mai shagon atamfar nan bai san hanya ba, shi ya sa ya ɓata.

Wanda ya san hanya, ya riƙe maka sanda, kuma ba shi ke da tafiyar ba, sunansa jagora. Na san an ja kalmar zuwa shugabanci, jagoran ƙungiya, jagoran tafiya. Amma ma'anarta ta asali ba ta mutu ba, kullum muna ganin ɗan jagora a bakin kasuwa. Ga jimlar: "In mutum ya taɓa sakawa, jagora zai wuce da shi ba tare da ya sake tambayarsa ba." Ta zauna daram.

Saura install. Na san a rubuce-rubuce da yawa "girka" ake sawa, kuma a ma'ana ba ta da laifi, girka tukunya ai ɗora ta ne a murhu. Amma a shago ban taɓa jin wanda ya ce a girka masa manhaja ba. "Saka mini" suke cewa, ko "ɗora mini", ƴan lakwal su ce a yi musu anstale. Na bi bakin kasuwa.

Ga abin da na rubuta a fayil ɗin yanzu, na ajiye shi da UTF-8 don ƙ da ɗ da ƴ su fito daidai: taken taga "Jagoran sakawa", maɓallai "Gaba", "Baya", "Saka", "Fasa", "An gama". Daga zango bakwai an koma uku ga sabon mai sakawa, biyu ga mai sabuntawa. Gobe in Allah ya kai mu zan aika yaro da kile wurin mai atamfa, na kuma hana shi buɗe baki ya yi masa bayani, ya tsaya gefe kawai ya ga inda hannunsa zai tsaya.