Ɗan gaggafar da muke kallo ya mutu: me ya kashe shi?

Mai tambaya, daga Alkaleri:
Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan muna kallon sheƙar gaggafa a kan wani maɗaci a bakin rafi, daga tsallake, da madubin hangen nesa. Ɗan ya fara tashi kwana biyar da suka wuce. Yau da safe yara suka gan shi a mace a gona. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, har ana yi mini dariya wai ina makokin tsuntsu. Me zai iya kashe shi, kuma yaya zan yi da gawar?

Ma'aikacin gandun daji, Yankari:
Wa alaikumus salam, Malam. Masu dariyar ba su san lissafin ba ne. Gaggafa ƙwai ɗaya tak take yi. Kwanci kusan kwana 55, ɗan kuma ya yi wajen kwana 110 a sheƙa kafin ya tashi, bayan ya tashin ma iyayen ke ciyar da shi na wasu watanni. Sai ya shekara bakwai zuwa takwas kafin ya bar launin ƙasa-ƙasa ya koma baƙi mai jar fuska da jan ƙafa. Tun 2020 aka saka ta cikin tsuntsayen da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Wahalar shekara guda ce ta tafi.

Likitan dabbobi, Bauchi:
Allah ya mayar da alheri. Da farko a hana yara taɓa shi, saboda murar tsuntsaye tana nan tun 2006. Sa safar hannu da takunkumi, ka ɗauki hotonsa yadda yake kwance kafin ka motsa shi.

Sai ka shafa ƙashin ƙirjinsa. In ya fito kamar bakin wuƙa babu tsoka gefe da gefe, yunwa ce ko doguwar cuta. In akwai falwayar lantarki kusa, duba tafin ƙafa da gaɓar fiffike: ƙuna da warin babbakar gashi na nufin wuta ce. Rami ƙanana da jini a ƙarƙashin gashi, harbi ne. Wanda na fi tsoro shi ne guba. Tsuntsun yana da ƙiba, wuyansa cike da naman da ya haɗiya, faratansa a dunƙule, ruwa na fita daga baki, ga matattun ƙudaje a kansa.

Saka shi a leda biyu, ka ɗaure kowace, ka sa a cikin kula mai ƙanƙara, ka kai ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma. Su za su iya aikawa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato. In zai isa cikin kwana biyu kada ya shiga firiza, daskarewa tana ɓata naman da za a duba. In zai wuce haka, to a daskarar, gubar ba ta gudu.

Mai tambaya:
Likita, na koma na duba. Ƙirjinsa a cike yake, faratan a dunƙule kamar ya damƙi wani abu, ƙudaje kuma sun mutu a kusa da bakinsa. Yara sun ce akwai mushen akuya a bayan gonar, da karnuka biyu matattu.

Ma'aikacin gandun daji:
To Malam, gawar ta jira, mushen nan ne gaggawa. Irin wanda ake barbaɗa wa maganin ƙwari ne don karnuka ko dila, gaggafa kuwa tana tashi ƙasa-ƙasa, sau da yawa tana riga ungulu ganin mushe. Iyayen suna nan suna shawagi a wajen. Ka sanar da mai unguwa yanzu, a sa mutum ya tsare wurin. A yanki ɗan naman cikin leda don gwaji, sauran da karnukan a ƙone su ƙurmus, ko a haƙa rami mai zurfin sama da mita ɗaya nesa da rafi, a haɗa da ƙasar da suka kwanta a kai, a danne da duwatsu. Kada kowa ya hau maɗacin duba sheƙa, gaggafa ba ta jure damu. In iyayen sun tsira, sukan gyara tsohuwar sheƙar su sake ƙwai a cikinta.