Yara 60, laftof 10, babu intanet: ta ina zan fara koya musu rubuta manhaja?

Malamar Lissafi:
Assalamu alaikum. An ɗora mini darasin kwamfuta na aji ɗaya a ƙaramar sakandare, kuma ana so yara su fara rubuta manhaja, ba haddace sunayen sassan kwamfuta kaɗai ba. Yara 60 ne, laftof 10, babu intanet, wuta kuma sai an gani. Darasin minti 80 ne, sau ɗaya a mako. Da Scratch zan fara ko da Python? Kuma yaya zan raba su?

Malamin Kwamfuta:
Wa alaikumus salam, Malama. Scratch za ki fara da shi, amma makonni biyu na farko kada ki buɗe laftof ko ɗaya.

Ki zana gidaje biyar a tsaye biyar a kwance da alli a daɓen aji, ki ajiye dasta a wani gida. Yaro ɗaya ya zama inji, umarni uku kawai yake ji: taka gaba, juya dama, juya hagu. Sauran su rubuta umarnin gaba ɗaya a takarda kafin ya motsa. Nan take za ki ga inda suke tuntuɓe: suna ɗaukar "juya dama" yana nufin ya juya kuma ya taka. Ki sa injin ya bi abin da aka rubuta sak, ko da zai kai shi jikin bango. Kada ki gyara musu, su koma takardar su nemo layin da ya ɓata tafiyar. Idan suka gaji da rubuta "taka gaba" sau huɗu a jere, lokacin ne za ki ba su umarni na huɗu: "maimaita sau 4".

Mako na biyu, don su ga yadda kwamfuta ke rubuta lamba da 0 da 1 kaɗai, ki yanka kati biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Katin da aka buɗe 1 ne, wanda aka kife 0 ne. Sha uku ta zama 01101, wato 8 da 4 da 1. Su gano da kansu cewa kati biyar ba sa wuce 31. Wannan yana cikin darussan CS Unplugged na Tim Bell da abokan aikinsa a Jami'ar Canterbury ta Niyu Zilan, kuma kyauta suke.

Daga nan sai Scratch. Cibiyar MIT ta Amurka ce ta fito da shi a 2007 don yara 'yan shekara 8 zuwa 16, kuma yana da nau'in da ake ɗorawa a kwamfuta ya yi aiki ba intanet. Tubala ake ja a harhaɗa, don haka yaron da bai iya buga rubutu ba ba zai ɓata rabin darasi yana neman harafi a madannai ba.

Tunda lissafi kike koyarwa, ki fara da zanen siffofi. Ki ƙara alƙalami daga maɓallin da ke can ƙasa ta hagu, sannan: maimaita sau 4, taka 100, juya digiri 90. Murabba'i ya fito. Sai ki ce su zana alwatika. Kusan dukkansu digiri 60 za su sa, domin ita suka haddace, sai kyanwar Scratch da ke bin umarnin a allo ta zana rabin siffa mai gefe shida ta tsaya. Dalili kuwa kusurwar waje take juyawa, ba ta ciki ba, don haka 120 ce. Ki bar su su yi ta gwadawa har su ga ƙa'idar: 360 a raba da adadin gefe. Mai gefe biyar 72, mai shida 60.

Wani abin da ke ruɗa su shi ne Scratch ba ya mayar da kyanwa inda ta faro. Suna sake danna koriyar tutar da ke kunna aikin sai zane ya hau kan zane a karkace. Su saba sa tubala uku a farkon kowane aiki: koma x 0 da y 0, fuskanci 90, goge komai.

Batun rabo, yara shida a kan laftof ɗaya ba koyo ba ne, ɗaya ne zai riƙe, biyar su yi kallo. Ki kasa su uku, 20 kowane kashi, biyu a kan kowace na'ura, minti 25 kowane kashi. Masu jira suna rubuta tsarin aikinsu a takarda, waɗanda suka sauka suna rubuta abin da ya lalace da yadda suka gyara. A cikin biyun ɗaya direba ne, ɗaya yaron mota mai faɗin hanya, su yi musanya a tsakiyar lokaci. Ki sa ido a nan, domin idan aka haɗa mace da namiji sau da yawa namijin ke ƙwace linzami.

Injiniya:
Malam ya gama da darasi, bari in taɓa na'urorin. Malama, ki juya cajar kowane laftof ki karanta. Yawanci wat 45 ne ko 65. Goma masu 65 wat 650 ke nan, janareto mai 1.5kVA ya ishe su. Amma ya fi a cika su da caji tun jiya, a rage hasken allo. Idan za a kunna janareto, a bar shi ya daidaita kafin a jona, a kuma zare kafin a kashe. Kada a jona soket mai dogon waya a jikin wani, nan ne ake samun zafi da narkewa.

Scratch 3 na kan kwamfuta yana son Windows 10 zuwa sama. Idan naki tsofaffi ne, Scratch 1.4 ba shi da nauyi kuma duk darasin da Malam ya kawo zai yi a kansa. Sannan Scratch ba ya adana aiki da kansa, batir na mutuwa komai ya tafi. Kowane kashi ya adana da sunansa da kwanan wata kafin ya tashi.

Filashi ɗaya tak, naki, shi za a riƙa sokawa. Na waje su ke kawo ƙwayar cutar nan mai ɓoye fayiloli. Lokacin hunturu kuma a rufe laftof ɗin da ƙyalle, ƙura na toshe fanka.

Malamin Babbar Sakandare:
Na yarda da Scratch, sai dai kada a zauna a kansa ya wuce zango biyu ko uku, yara kan koma sauya wa kyanwa kaya da sa sauti. Da zarar sun fahimci maimaitawa, sharaɗi da ma'ajin ƙima, a wuce Python ta manhajar Thonny, wadda ke zuwa da Python ɗinta a ciki. Ga mai Windows 7, Python 3.8 ce ta ƙarshe da ke aiki a kai. Python tana da kunkuru mai zane, turtle, don haka murabba'in nan da alwatika su za su sake yi, a rubuce wannan karon.

Kurakurai uku za ki fi gani. Abin da input() ya karɓa daga madannai rubutu ne, 5 da 3 sai su ba da 53, sai an sa int() ya mayar da shi lamba. Na biyu, = sakawa ce, == kuma tambaya ce. Na uku, range(1, 5) a kan 4 yake tsayawa.

Kuma don Allah kada ki rubuta manhaja a allo su kwafa a littafi. Ki ba su mai aiki, layi biyar ko shida, su rubuta abin da suke zaton za ta yi, sannan su kunna, su sauya lamba ɗaya, daga baya su ƙirƙiro tasu.

Malamar Lissafi:
Allah ya saka da alheri. Saura maki, yaya zan ba kowane yaro nasa alhali biyu suka yi aiki?

Malamin Kwamfuta:
Amin, Malama. Aikin haɗin gwiwa ya ɗauki rabin makin. Sauran rabin a takarda, kowa shi kaɗai: ki zana tubalan alwatika mai juya 60, ki ce ya zana abin da zai fito, ya zagaye tubalin da ya ɓata, ya rubuta lambar da ta dace. Minti goma ya isa, kuma ba ya buƙatar wuta.