Abin da muka tattauna a Billiri kan dogara ga tanadin Allah

Bayan nazarin Littafi Mai Tsarki, wani matashi ya yi tambaya: taki ya yi tsada, damina na gardama, shin ajiye hatsi a rumbu rashin bangaskiya ne?

Wani dattijon ikilisiya ya ce a'a. Ya kawo Farawa 41, inda Yusufu ya tara hatsi shekara 7 a Masar kafin yunwa, kuma Allah ne ya ba shi wannan basira. Sai wata mama daga zumuntar mata ta tuna mana Fitowa 16: Isra'ilawan da suka ɓoye manna, wato abincin da Allah ya ba su a jeji, har ta kwana, sun tarar ta yi tsutsa tana wari. A ganinta, bambancin yana cikin zuciya. Yusufu ya ajiye don jama'a su rayu, masu ɓoye manna kuwa tsoro ne ya sa suka ƙi jin umarnin kada su bar ta ta kwana. Wannan magana ta fi shiga raina.

"Ɗana," in ji ta, "cika rumbunka, amma kada ka kulle shi in gwauruwa ta zo da kwarya."

An kuma shawarce mu mu riƙa karanta sura dukanta maimakon tsintar aya ɗaya, mu roƙi hikima kamar yadda Yaƙub 1:5 ya koyar.