Shimfiɗar roba a waje inda rana ke da zafi

A wata tattaunawa kan shimfiɗa roba a ƙasa a wajen da yara ke wasa, masu tattaunawar sun daɗe a kan batun launi, kuma da gaskiyarsu. Baƙar roba, wadda galibi daga tsoffin tayoyi ake niƙo ta, tana shan rana har ta haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyas. Yaro ya taka ba takalmi, tafin ƙafarsa ya sale nan take. Shi ya sa akasarinsu suka ce a bar baƙar a ƙasa ta zama katifa, a rufe samanta da ƙwayoyin EPDM (wani nau'in roba mai jure rana) masu hasken launi, kamar ruwan ƙasa ko toka-toka. Hakan ma ragewa kawai yake yi. Inuwa ce maganin gaske, ta rumfa ko ta bishiya, kuma a ganina wanda ba zai iya yin inuwa ba gara ya sake tunani. Kafin a saki yara, a ɗora bayan hannu a kai. In hannu bai jure ba, ƙafa ma ba za ta jure ba.

Sai gam ɗin da ke haɗa ƙwayoyin. Mai araha yana komawa rawaya a rana, nau'in gam da ake kira alifatik kuwa ya fi riƙe launinsa. A yi zubin da sassafe, don zafi na sa gam ya kama tun ba a gama lailaye shi ba.

Masu sa tayil na roba su bar ɗan sarari a gefe, domin yana buɗewa da zafi, bakinsa ya ɗago ya riƙa sa mutane tuntuɓe. Ƙarƙashi kuma a zuba tsakuwa a daddanne, ruwa ya samu hanyar wucewa.