Fuska mai ihu ko allon dara: wanne za a sa a Play Store?

Mai Wasan: Assalamu alaikum jama'a. Wasan darar nan da nika haɗawa ya kusa ƙarewa, saura ɗan hoton da za a sa a Play Store, wanda mutum ka fara gani kafin ya taɓa komai. Guda biyu na turo. Na farko fuskar yaro ce da hula zanna, baki buɗe shina ihu, bayanshi ja wur, an rubuta KYAUTA a ƙasa. Na biyu allon darar ne kanshi bisa rairayi, gurbi 30 duka sun fito, da 'ya'ya uku a jere. Wani abokina ya rantse min wai ko wane irin wasa ne in ba ka sa fuska mai ihu ba babu mai saukewa. Gaskiya ne?

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Abokinka ya hwaɗi gaskiya, sa na farko kawai ka huta. Buɗe Play Store yanzu ka duba Clash of Clans, wasan da ya fito tun 2012, fuskar wanga gardin mai rawayan gashin baki ce anka san shi da ita, kuma dubi tulin wasannin yaƙi da sunka kwaikwaye shi. Subway Surfers ma fuskar yaron ce. Kamfanonin ga suna da kuɗi suna da masu yi musu bincike, ba da ka suke yin abu ba. Idon ɗan Adam fuska yake fara nema a ko'ina.

'Yar Runjin Sambo: Yaya ban yarda ba gaskiya. Gardin Clash of Clans yana cikin wasan, shi kake turawa yaƙi, ihun nashi ya dace. Yaron Subway Surfers shi ne kake gudu da shi. To yaron nan mai hula ina yake a cikin dara? Babu shi. Kuma tun yaushe ake ihu a dara, wasan da dattawa ke zama gindin bedi su yi shiru suna lissafi? Candy Crush alawa ce a hotonsu, 2048 lamba ce tsagwaronta, ba fuska ba ihu kuma duniya ta sauke su.

Na Gawon Nama: Ni waya nake saidawa nake kuma gyarawa, bari in gaya muku abin da kunka manta dukanku. Hoton da kake turawa Google 512 a 512 ne, a kwamfutarka ka gan shi ƙato gwanin sha'awa, amma a jerin Play Store girmanshi bai wuce farcen babban yatsa ba. Na ɗauki na biyun na rage shi na buɗe a wata ƙaramar itel da ke nan shago, na fita waje da ita da tsakar rana, wallahi gurabun nan 30 sun haɗe sun zama ɗigo-ɗigo, 'ya'yan ruwan ƙasa a kan rairayi ruwan ƙasa ba ka bambance komai. Ga shi yawancin masu zuwa wurina hasken skirin ɗinsu a ƙasa yake don caji ya kai su dare. Da ranar Sakkwato da hasken da anka rage, wanga hoto ya ɓace ke nan.

Ɗan Mabera: To kun ji. Na farkon fa?

Na Gawon Nama: Fuskar ta fito sarai, jan ma ya fito. Rubutun ne bai karantu ba.

Ɗan Mabera: Shi ke nan magana ta ƙare ai.

'Yar Runjin Sambo: Ba ta ƙare ba yaya. Abin da ya gano shi ne na biyun ya cika tarkace, ba wai rashin fuska ya kashe shi ba. Mai Wasan ka matso da hoton kusa, ka bar gurbi tara kawai, 'ya'ya uku manya a jere masu haske sosai, bayan ya zama launi ɗaya mai duhu irin shuɗin baba, sannan hannu yana ajiye na ukun, wannan lokacin da kake jera uku za ka cire ɗan abokin wasanka shi ne daɗin dara gaba ɗaya kuma shi ya kamata mutum ya gani. Cikakken allon yana da wurinshi, akwai faffaɗan hoton nan na shafin wasanka a Play Store mai girman 1024 a 500, ga kuma hotunan cikin wasa da ake yarda ka sa har 8. Kuma don Allah kar ka sa 'ya'yan ja da kore, akwai mutanen da ba sa bambance su.

Malam na Dundaye: Salamu alaikum, yanzu na fito daga aji na tarar da ku. Ɗana, kafin a je ga wanda ya fi kyau, goge KYAUTA ɗin nan tukuna. Tun 2021 Google sunka hana rubuta farashi ko kirarin lamba ɗaya a hoton ko a sunan manhaja, sunan ma kar ya wuce harafi 30. Kuma na ga ka lanƙwashe kusurwoyin da kanka, bar shi murabba'i, su ke lanƙwashewa su sa inuwa. Game da fuska kuwa, abin da nake ji maka shi ne wanda zai ga ihu da ja ya ɗauka dambe ne ko tsere, ya ƙona datarshi ya sauke, ya buɗe ya tarar da gurabu da 'ya'ya 12 kowane ɓangare. Goge shi zai yi, wani ma ya bar maka tauraro ɗaya, kuma sabon wasa taurari kaɗan ke ja shi ƙasa. A 2020 hukumar kula da talla ta Ingila ta hana wasu tallace-tallacen wasannin waya na Homescapes da Gardenscapes saboda abin da suke nunawa ba shi ne ainihin yawancin wasan ba.

Ɗan Mabera: Malam da girmanka, amma waccan talla ce ta bidiyo da ke nuna wasan da kusan babu shi. Fuska ba ƙarya ba ce. Kuma akwai abin da ba wanda ya taɓo, hular nan. Kana gangarawa cikin ɗaruruwan hotunan Turawa da na 'yan Sin sai ka ga zanna, dole yatsanka ya tsaya, ka ce kai wanga namu ne. Gurbi tara da 'ya'ya uku kuwa wanda bai san dara ba ce zai yi wasan X da O ne, irinshi dubu ne a can. Yara nawa ne a Arkilla yau sunka taɓa ganin ana dara da idonsu?

'Yar Runjin Sambo: Maganar a gane namu ne tana da ƙarfi, amma ba sai da baki buɗe ba. Hannun da zai ajiye ɗan ya fito da bakin hannun kaftani mai aiki, 'ya'yan kuma ɓangare ɗaya tsakuwa ɗaya guntun kara yadda ake yi a ƙasa, ba wanda zai ce X da O ne.

Na Gawon Nama: Aikin hannun kaftani ba zai fito a wanga girman ba hajiya, sai dai in an yi shi da kauri sosai.

Malam na Dundaye: A cikin Play Console, shafin da masu manhaja ke ɗora ta a Play Store, akwai wurin gwaji, ka sa hotuna daban-daban Google ya raba wa masu shigowa shafinka ya nuna maka wanda anka fi saukewa da shi. Kyauta ne.

Ɗan Mabera: Wanga gwaji yana son jama'a da yawa Malam, sabon wasan da mutum kaɗan ke leƙawa zai daɗe bai ba da amsa ba.

Mai Wasan: Ina da mutum 12 da Google sunka ce sai sun gwada wasan kwana 14 kafin a bar ni in sake shi, ko su zan tambaya?

'Yar Runjin Sambo: A'a, su sun san wasan kuma suna sonka, komai ka nuna musu za su ce ya yi. Je wurin mai shayi ko bakin ƙofar jami'a, ka nuna wa wanda bai san ka ba hoton a ƙaramin girmanshi, daƙiƙa biyu ka kife wayar, ka tambaye shi wane irin wasa ne wannan.

Ɗan Mabera: Ba ita ce tambayar ba. Ka jera shi cikin hotunan wasu wasannin ka ce wanne za ka taɓa. Ana iya gane hoto sarai kuma a wuce shi.

Mai Wasan: Zan yi duka biyun in sha Allah, amma ga mutane daban-daban don amsar farko kar ta ɓata ta biyu. Daren nan zan sake zana na allon yadda Anti 'Yar Runjin Sambo ta ce.

Ɗan Mabera: Ka gyara na fuskar ma ka cire rubutun, kar ka kai gyararre ya kara da wanda ba a gyara ba. Kuma in za ka fita Asabar ka biyo ta Mabera mu tafi tare, ina so in ji da kunnena.